Yadda Muka Kayar da Honarabul Ɗinmu

A bayan taga na fara saninta, tun kafin kowa ya kira ta Honarabul. Ofishin karɓar koken 'yan haya ne na birni, an jera kujerun roba, kowa riƙe da lambarsa yana jiran kira. Lokacin shekarata biyu kacal a unguwar University Heights a nan Amurka, mijina yana raye, 'yarmu tana goye. Sanyi ya shigo, hitar gidanmu ta mutu, kwana tara muna kwanciya da safa da hula. Na je na bi layi da Turancina na makarantar mishan, na isa gabanta a fusace.

Baƙar mace ce doguwa mai faɗin kafaɗa, haifaffiyar ƙasar nan, iyayenta daga kudancin ƙasar suka taso. Ba ta da fara'a ko ta sisin kwabo. Na yi ta zuba, ita kuwa rubutu kawai take yi, ko ɗaga kai ba ta yi ba. A raina na ce yau na haɗu da irin ma'aikatan sakatariyarmu, za a ce in dawo gobe. Da na gama sai ta ce, "Jaririyar wata nawa?" Na ce bakwai. Ta rubuta, ta kira lamba ta gaba.

Washegari da hantsi sai ga ta a ƙofarmu da kanta, da ma'aunin sanyi a hannu. Ba aikinta ba ne zuwa, daga baya na ji haka. Ta bi ɗakuna ɗaya bayan ɗaya tana aunawa, sannan ta sauka ƙasa ta zaƙulo mai kula da gidan daga inda ya ɓuya. Ban san me ta ce masa ba. Kafin la'asar dai bututu ya fara ƙara, ɗaki ya ɗumama.

Gidan namu bene ne mai hawa shida, kuma kusan rabinsa masu jin Hausa ne. Akwai mu 'yan arewacin Najeriya, yawancinmu Kirista masu aikin asibiti da tuƙin bas. Akwai 'yan Nijar masu tebur a Canal Street. Akwai 'yan zangon Kumasi da Hausarsu mai ba ni dariya. A gida da ƙyar wasunmu za su ci a kwano ɗaya, amma a nan hita ɗaya ce ke ɗumama mu, dole aka saba. Babbanmu wani dattijo ne ɗan Maraɗi da ke hawa na ɗaya, mai sayar da jakunkuna da agogo. Baba Alhaji muke ce masa. In miji da mata sun yi rikici wajensa ake zuwa, in an yi rasuwa shi ke shige gaba.

Ni kuma ni ce mai fom. Aikina na ainihi kula da tsofaffi ne a gidajensu, kullum in hau jirgin ƙasa in sauka, in hau jirgin ruwa zuwa St. George, in wanke wata tsohuwa in ba ta magani. Amma a gidanmu Malama ake ce mini, don duk takardar da ta shigo teburina take ƙarewa. Ta makarantar yara, ta asibiti, ta neman zama ɗan ƙasa, duka. Ban taɓa karɓar ko kwabo ba. Kuma ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin abin, har da ɗan fankama. In wani ya cike fom da kansa aka dawo masa da shi, sai in ce to ai ga shi nan, wa ya aike ka.

Matar nan ta taga ta yi ta hawa a aikinta har ta zama shugabar sashe. Duk sanyin da ya zo da matsala, ita muke nema, kuma ba ta taɓa cewa ba ta gane mu ba. Wata rana muka ji ta ajiye aikin gwamnati, ta bar fanshon da saura 'yan shekaru ya cika, wai za ta nemi kujerar majalisar jiha. Mijina ya ce matar nan ta haukace, wa ke barin tabbas ya kama gaibu. Lokacin yawancinmu ba mu da ƙuri'a, katin zama kawai gare mu. Abin da muka iya shi ne girki. Mun soya ƙosai da kaji mun kai wa masu yi mata yawo. Ta ci zaɓe. Mu 'yan Najeriya muka sa mata Honarabul, Baba Alhaji da mutanensa suka ce Dapite, irin yadda suke kiran ɗan majalisa a can. Duka biyun tana amsawa.

Daga nan ne mutanenmu suka fara rantsuwar zama 'yan ƙasa, yau wannan gobe wancan. Duk wanda ya dawo daga rantsuwa sai ya hawo wurina da fom ɗin rajistar zaɓe. Fom ne mai sauƙi, shafi ɗaya. Suna, adireshi, ranar haihuwa. Can ƙasa kuma akwai wani gurbi da ke tambayar jam'iyyar da kake so a rubuta ka a cikinta, an jera sunayensu, ƙarshen jerin an ce ko kuwa ba ka son ko ɗaya.

Ranar da na fara ganin gurbin nan a nawa fom ɗin, sai na tuna da babana. Babana malamin firamare ne a wani gari kudu da Zariya. Ina 'yar shekara goma ya yanki katin jam'iyya, ya bari aka rubuta sunansa a littafinsu. Jam'iyyar ta faɗi. Ba a yi wata biyu ba aka tura shi wata makaranta a ƙurmin daji inda ko mota ba ta zuwa, aka ƙwace rumfar mamata a kasuwa aka ba matar wani. A can ƙanena ya yi zazzaɓi ya mutu, don kafin a kai shi asibiti a kan keke aikin gama ya gama. Har babana ya koma ga Ubangiji abu ɗaya yake nanata mana, cewa jam'iyya a ciki ake riƙe ta, ba a rubuta ta a takarda.

Saboda haka na zaɓi ba na son ko ɗaya. Kuma duk wanda ya kawo mini fom, haka na yi masa. Wasu sun tambaya. Na ce musu gwamnati ce fa ke tambayarka wa kake so, yau tana murmushi, gobe wa ya sani. Da na kai kan na Baba Alhaji na yi masa bayani, ya gyaɗa kai ya ce, "Gaskiyarki, Malama. Ɗan kasuwa ba shi da jam'iyya. Can gida wanda ya nuna tashi, in sun faɗi, duwan, kwastan ke nan, ka zo su kwashe mai kaya." Babu wanda ya yi mini gardama, don kowa yana da irin labarin babana a gidansu. Wanda maciji ya taɓa sara, ko igiya ya gani gudu yake.

Kuma abin ya yi kamar ya tafi daidai. Duk watan Nuwamba na shekarar zaɓe muna zuwa makarantar da ke bayan layinmu, a duba littafi a ga sunanmu, mu dangwala wa Honarabul mu dawo. Babu wanda ya taɓa tambayarmu jam'iyya. Sau uku muna yin haka, sau uku tana komawa kujerarta. Ina tafe ina cika baki, ina cewa kun gani, mun yi zaɓe kuma ba mu ba kowa wuyanmu ba.

A majalisa ba ta canza hali ba, shi ya sa ba ta yi nisa ba. Ba ta iya dariyar da ake yi wa manya ba. An ce sau biyu ana hana ta shugabancin kwamiti don ta ƙi sa hannu a abin da aka ce ta sa. Ofishinta na unguwa ɗaki biyu ne a saman wani shagon wanki, kuma ranar Juma'a da kanta take zama ta karɓi koke, da biro a bayan kunne, kamar har yanzu a bayan taga take. Da mijina ya rasu ta zo coci, ta zauna a bencin baya har aka tashi. Ba ta yi jawabi ba, ba ta zo da mai ɗaukar hoto ba.

Wajen tsakiyar shekarun dubu biyu da goma sha aka sayar da gidanmu. Wani kamfani ya saya, ba mu taɓa ganin fuskar kowa a cikinsu ba, sai wasiƙu. Gidan yana cikin waɗanda doka ta ɗaure wa haya, ba a ƙara ta yadda aka ga dama. Amma dokar tana da ƙofar baya, kuma kamfanin ya san ta. Wasiƙar ta ce duk wanda yarjejeniyarsa ta ƙare, in zai sabunta, hayar za ta koma wani adadi da ni dai ko na daina ci na daina sha albashina ba zai kai ba. Ni na karanta wa kowa tasa. Tawa na karanta ta ƙarshe, a tsaye a kicin.

Ɗaki biyu ne da falo, tagar tana kallon bangon wani gida. Ba wani abin a zo a gani ba ne. Amma a nan na yaye 'yata, a nan mijina ya yi jinyarsa ya cika, cocinmu layi biyu ne daga nan, kuma in na yi tari da ƙarfi maƙwabciyata za ta ƙwanƙwasa ta tambaya. Shekarata ashirin a ciki. Ban san wani wuri ba a ƙasar nan, kuma na tsufa da fara sabo.

Honarabul ta zo ta same mu a zauren ƙasa wata Asabar, muka cika har kan matakala. Ni ke fassara. Ta ce abu biyu take yi. Na farko, ta matsa wa ofishin gidaje na jiha ya buɗe bincike kan takardun kamfanin, kuma muddin binciken yana tafiya ba za su taɓa kowa ba. Na biyu, tana da ƙudiri a majalisa da zai toshe ƙofar bayan nan gaba ɗaya. Sannan ta ce, ba tare da kwana-kwana ba, binciken yana tafiya ne don tana buga wa ofishin waya kowane mako. Ranar da ta bar kujera, ranar za a rufe fayil ɗin.

"Kuma bana sun tsayar mini da abokin takara a cikin jam'iyyata," in ji ta. "Masu gidaje ne ke bayansa. A unguwar nan wanda ya ci zaɓen fid da gwani shi ya ci kujera, na Nuwamba cika ƙa'ida ne kawai. A watan Satumba nake bukatarku."

Baba Alhaji ya miƙe ya gyara babbar rigarsa. Ya ce, "Malama, gaya ma Dapite, gidan ga nata na. Duk mai ƙuri'a cikinmu, ko bisa gadon asibiti yake, za mu ɗauko shi." Na fassara har da ƙarin gishiri. Ta dube mu, kuma a ranar na fara ganin haƙoranta.

Abokin takarar nata wani matashi ne, shi ma baƙi, mai kwat mai kyau da murmushin talla. Hotonsa ya cika kowane shago da kowace tashar bas. Ita kuwa takardunta baƙi da fari ne, ita da wasu tsofaffin mata ke rabawa a bakin tashar jirgi.

A farkon bazara wani ma'aikacinta ya shigo gidanmu da allo a hannu yana karɓar sa hannun magoya baya. Na ga ya ƙwanƙwasa ƙofa biyu uku, ya tsallake sauran, ya tsallake tawa. Na tare shi a matakala na ce lafiya. Ya duba takardarsa ya ce sunana ba ya cikin jerin da aka ba shi. Ai kuwa na wanke shi tas. Na ce tun kana tsumma nake tare da matar nan, ni za ka ce ba na cikin jeri? Ya buɗe baki zai yi bayani, na ce ya rufe mini shi, na shige na bugo ƙofa. Da na saurare shi ma ba abin da zai gyaru, don daga baya na gane cewa mai son shiga jam'iyya don zaɓen bana, tun kakar bara ya kamata ya yi. Amma da aƙalla ta san kada ta dogara da mu.

Mun yi shiri kamar na biki. Matan gidan muka fitar da anko, atamfa shuɗiya mai zanen ganye, wata 'yar Kumasi ta ɗinka mana. 'Yan Canal Street suka yarda ba za su buɗe tebur ba sai sun yi zaɓe. Direbobi suka yi musanyar aiki. Ni na roƙi wata abokiyar aikina ta riƙe mini tsohuwata ta St. George. Ranar Talata ce. Da ƙarfe tara na safe muka fito a jere, Baba Alhaji a gaba da sandarsa, har mutanen unguwa suna leƙowa ta taga.

A zauren wasan makarantar aka ajiye tebura. Ni na fara zuwa, don in nuna wa sauran yadda ake yi. Wata dattijuwa mai tabarau ta buɗe littafi ta bi da yatsa, ta koma sama, ta sake bi. Ta tambayi adireshina, ta kira wani mutum, ya duba wata takarda daban. Sannan ya ce mini, cikin ladabi, a hankali, "Kina da rajista, amma ba ki cikin kowace jam'iyya. Zaɓen yau na 'yan jam'iyya ne kawai."

Na ce ban gane ba. Na gane sarai.

Na ce ya duba na Baba Alhaji. Haka. Na maƙwabciyata. Haka. Ya ɗaga kai ya kalli layin shuɗiyar atamfa har bakin ƙofa, ya ce, "Duka tare kuke?" Wasu 'yan kaɗan, ma'aikatan jinya da suka cike fom ɗinsu a wurin aiki, su aka samu sunansu, suka wuce suka yi zaɓe. Duk wanda takardarsa ta bi ta teburina, babu shi.

Baba Alhaji ya matso ya ce, "Malama, mi ya faru?"

Wannan ne wurin da har yau in na tuna nake jin kunyar kaina. Na dubi tsohon nan, na dubi mutanen da suka rufe teburinsu suka bar aikinsu. Sai na ji kaina ina cewa, "Wai ba su ga sunayenmu ba, Baba. An cire."

Ban ƙara ko kalma ɗaya ba, kuma ba a bukaci ƙari ba. Nan take magana ta bi layi, an cire sunayenmu, an yi maguɗi. Wa zai yi mamaki? Kowa a cikinmu ya taɓa zuwa rumfar zaɓe a gida ya tarar sunansa ya yi ɓatan dabo. Wani direba ya ce ashe har nan ma, wata ta ce kuɗin masu gidaje ne ya yi aiki. Na san akwai waɗanda suke kusa da tebur suka ji Turancin mutumin da kunnensu. Ba su ce komai ba, ko don kunyata, ko don su ma da bakinsu suka ce in bar gurbin haka. Aka ba mu wata takardar rantsuwa, wai mu yi zaɓe a kanta za a duba daga baya. Na zauna na cike wa kowa, ɗaya bayan ɗaya, alhali na san kwandon shara za ta.

Honarabul ta faɗi. Tazarar da ke tsakaninta da yaron nan ba ta kai yawan mutanen da muka tsaya a layin nan ba. Na lissafa, na sake lissafawa, na bar lissafi don yana hana ni cin abinci.

Ta ƙarasa wa'adinta zuwa ƙarshen shekara. Ƙudirinta ya mutu a kwamiti ba wanda ya ɗauka. Sabuwar shekara da 'yan makonni wasiƙa ta zo daga ofishin jiha, an kammala bincike, ba a samu laifi ba. Mun je wurin sabon ɗan majalisa, ni da Baba Alhaji da mutum biyu. Ofishinsa yana da kafet da furanni. Ya rungume mu, ya kira mu 'yan'uwansa na Afirka, ya sa aka ɗauke mu hoto, ya ce zai duba. Ina jin har yanzu dubawa yake.

Daga nan gida ya fara zubewa. Duk wanda yarjejeniyarsa ta ƙare sai ka ga mota a ƙofa. Wasu suka tafi Ohio wurin 'yan'uwa, wasu New Jersey, wasu suka cusa kansu ɗaki ɗaya da iyali guda. Baba Alhaji ya ce shi ya tsufa da neman sabon maƙwabci, ya bar wa ɗan ƙanensa tebur, ya koma Maraɗi. Na raka shi har bakin mota. Na yi niyyar faɗa masa a ranar, wallahi na yi niyya, har na buɗe baki. Sai ya fara sa mini albarka, na haɗiye.

Tawa yarjejeniyar ta ƙare a watan Yuni. Na samu ɗaki ɗaya a ƙasan wani gida a St. George, kusa da aikina, tagarsa daidai da ƙafafun masu wucewa. 'Yata ta koma zama da ƙawayenta kusa da jami'a, don ɗakin ba zai ɗauke mu mu biyu ba. Kujerun falo da gadon da mijina ya cika a kansa na bayar, ba inda zan sa su.

Ranar kwasar kaya lif ya lalace, ko kuma an kashe shi, oho. Ina hawa na huɗu ina ɗaure kwalaye sai na ji ana hawowa a hankali ana haki. Honarabul ce. Wando da riga ta sa da takalmin roba, gashinta ya yi fari fiye da yadda na san shi. Ta ce ta ji yau zan tashi. Ba ta jira na ce komai ba ta sunkuci kwalin tukwane.

Mun yi sawu uku. A na huɗu ta ajiye kwali a kwanar hawa na biyu ta zauna a matakala tana mayar da numfashi. Na zauna ƙasa da ita. Na tambaye ta me take yi yanzu. Ta ce ba komai. Ta nemi komawa aikin birni an ce ba gurbi, wuraren da ke ɗaukar tsofaffin 'yan majalisa kuma duk na mutanen da ta ɓata wa rai ne. Ta ce ita ma ƙarshen bazara za ta tattara ta koma kudu wurin yayarta.

Na ce, "An zalunce ki, Honarabul."

Ta ce in daina kiranta haka. Ta murza gwiwarta. Sannan ta ce, "Bayan zaɓe mutanenku sun yi ta zuwa suna ce mini an cire sunayensu. Sai na je ofishin zaɓe na nemi ganin takardun rajistar gidan nan. Kin san ni da takarda. Na zauna na duba su ɗaya bayan ɗaya." Ta juyo ta dube ni. "Rubutun mutum ɗaya ne. Rubutu mai kyau, ba kuskure ko ɗaya."

Ban san lokacin da na fara ba ta labarin babana ba. Katin jam'iyya, makarantar daji, rumfar mamata, ƙanena a kan keke. Ina yi ina kuka, majina da hawaye, ni da ban yi kuka a gaban mutane ba ko ranar jana'izar mijina. Ta saurare ni har ƙarshe kamar yadda take sauraron koke.

Da na gama ta ce, "Kakata ma an kore ta daga aiki ranar da ta je yin rajistar zaɓe a can kudu." Sannan ta ƙara da cewa, "Ita sai ta koma washegari."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ma ta zage ni, da na fi samun sauƙi. Na ce ta yafe mini. Ta ce ita ma tana da nata laifin, shekara da shekaru tana cin ƙosanmu ba ta taɓa tambayar me muka rubuta ba. Na ce ko ta faɗa wa mutanenmu. Ta ce ba nata ba ne ta faɗa. Ta dafa bango ta miƙe, ta ɗauki kwalin, ta tambaye ni ko na gaban mota ne ko na baya.

Da muka gama ta ƙi shan ko ruwa. Na miƙa wa mai kula da gida makulli, na shiga gaban mota kusa da direba. Ta tsaya a bakin ƙofar har muka sha kwana. Ban sake ganinta ba, kuma ban taɓa jin an ambaci sunanta a rediyo ko a jarida ba tun daga lokacin.

Baba Alhaji yakan kira ni daga Maraɗi duk ƙaramar salla da babba, ni kuma in kira shi da Kirsimeti. Kowane kira sai ya tayar da maganar. Ya ce yana ba mutanen majalisarsu labari, yadda aka yi wa mace mai gaskiya maguɗi a tsakiyar Amurka, aka share sunan gida guda daga littafi. Ni kuma in ce haka ne, Baba. Kowane kira ina cewa a na gaba zan faɗa masa.

Kiransa na ƙarshe muryarsa ta yi ƙasa sosai, sai na toshe ɗaya kunnen kafin in ji. Ya tambayi 'yata, ya tambayi ɗakin ko yana da ɗumi. Sannan ya ce, "Malama, ni dai ban da abin biyanki. Shekara ashirin kina yi muna rubutu, ba ki taɓa cutar ko mutum guda ba. Allah shi saka miki da abin da kinka yi muna."

Na ce amin. Bayan sati uku ɗan ƙanensa ya kira ya ce an yi jana'iza.